Jinin da ke bakin iyaka: jawabi ga iyalai game da hawan jini

 

Kun san ni dai, tafinta ne, ba likita ba. Amma da yake ni nake tsayawa tsakaninku da ma'aikata, akwai wata magana da nake yawan fassarawa, kuma na lura ba ta isa inda ya kamata. Ma'aikaciyar lafiya za ta ɗaura wa mutum na'ura a dantse, ta duba, ta ce: jininka ya ɗan hau, amma bai kai na shan magani ba. Mutum ya ji "bai kai na magani ba", ya ce alhamdulillahi, ya tashi ya bar rabin farko na maganar a kan benci. Wannan rabin da ake bari shi ne ya tara mu yau.

Awon jini lamba biyu yake bayarwa. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini ke dukan jijiya lokacin da zuciya ta matsa. Ta ƙasa kuma tana nuna ƙarfin da ya rage lokacin da zuciya ta saki tana hutawa. A wajen babban mutum, ƙasa da 120 bisa 80 shi ne lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban aka samu ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili, kuma jama'a da yawa a cikinsa suke zaune ba su sani ba: 128 bisa 82, 135 bisa 85, 138 bisa 88.

Bari in ɗan kauce, don akwai abin da ke rikita waɗanda suka zo daga Najeriya. A nan Nijar, kamar sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, ma'aikaci yakan ce maka tansiyonka 13 da 8 ne. Kada ka ce jininka ya zube. Sifiri ɗaya ya cire kawai, 130 bisa 80 yake nufi. In ya ce 14 da 9, to 140 bisa 90 ke nan, ka taka layi.

To mene ne laifin zama a bakin iyaka? Jijiya ba ta san da layin da likitoci suka ja ba. Ba a 140 ɓarna take farawa ba, a hankali take taruwa tun daga ƙasa. A shekarar 2002 an fitar da wani babban bincike da ya haɗa bayanan mutum wajen miliyan ɗaya. An gano cewa a tsakanin masu shekara 40 zuwa 69, tun daga 115 bisa 75, duk lokacin da lambar sama ta ƙaru da 20 ko ta ƙasa da 10, haɗarin mutuwa ta hanyar shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya yana ninkawa biyu. Ku lissafa da kanku. Mai 135 bisa 85 ba a rubuta masa hawan jini ba, amma haɗarinsa ya kai ninki biyu na mai 115 bisa 75. Shi ya sa a 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da nasu layin zuwa 130 bisa 80. Sauran ƙasashe ba duka suka bi su ba, amma babu mai cewa wannan filin wurin kwanciya ne.

Kuma abin ba ya ciwo. Nakan ji iyayenmu mata suna cewa, ni in jinina ya hau ina sani, kaina ke sarawa. Mama, ciwon kai yana iya zuwa daga rana, daga yunwa, daga zazzaɓin cizon sauro. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Na'ura kaɗai ke faɗa.

Ita ma na'urar sai an ba ta haƙƙinta. Wanda ya taho da sauri cikin rana da goro a baki, aka auna shi nan take, lambar da za ta fito ba tasa ta gaskiya ba ce. Ka bar goro, taba da shayi mai ƙarfi na rabin awa kafin awo. Ka yi fitsari tukuna. Ka zauna minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, kuma ka yi shiru lokacin da ake aunawa. Ka roƙi a rubuta maka lambar da kwanan wata a katinka, don awo ɗaya ba ya yanke hukunci.

Yanzu mu zo kan tukunya, don a nan ne muke da iko mafi yawa. Abin da aka yarje wa babban mutum na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin yini a haɗe. Mata za ku ce ai ba ma zuba haka. To ku ƙirga dunƙulen magi, don kusan rabinsa gishiri ne. Ku ƙirga kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka da ta kuɓewa, don sinadarin da ke ta da jini a cikin gishiri yana cikinta ita ma. Ku ƙirga busasshen kifin da aka yi wa gishiri, da yajin da ake barbaɗawa a kan abinci bayan an gama. Na san dalilin da ya sa hannu ke nauyi: miya ba nama, ba mai sosai, sai gishiri da magi su rufa mata asiri. Ba na ce a ci lami ba. A rage kaɗan-kaɗan, inda ake saka uku a saka biyu, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. Zogale, rama, yakuwa da wake kuwa, duk lokacin da suka samu a ci, suna taimakon jini.

Maza, naku kason shi ne taba da zama. A gida gona ke motsa mu, a nan da yawa sai zaman inuwa daga safe zuwa la'asar. Tafiyar sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, tana saukar da lamba. Taba kuma, ta sha ko ta leɓe, ba ta da wani ma'auni mai kyau.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, maganin tebur da na masu yawo a kasuwa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, in ana shan su kullum, suna ɗaga jini kuma suna taɓa ƙoda. Haka ƙwayoyin da ƴan mata ke sha don su yi ƙiba. Duk abin da kake sha, har na gargajiya, ka faɗa wa ma'aikacin lafiya. Zoɓo marar sukari yana ɗan taimakawa, amma wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi ya kama zoɓo.

Za ku ce, da abin da muka gani muka baro, da tunanin waɗanda ba mu san inda suke ba, ta yaya jini ba zai hau ba? Gaskiyarku. Rashin barci da damuwa mai tsawo suna da hannu a ciki, kuma ba wanda zai ce muku ku daina tunani kamar ana kashe fitila. Amma wanda dare ke gagararsa, ko yake firgita cikin barci, ya zo ya yi magana. Wannan ma lalura ce da ake dubawa, ba abin kunya ba ne.

Wasu kuma bakin iyakar ma ya yi musu yawa. Mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa samun shanyewar jiki ko ciwon zuciya, likita yana iya fara musu magani tun daga 130. Wanda iyayensa suka yi hawan jini, ko ya haura arba'in, ya riƙa zuwa awo ko yana jin garau. Mai ciki kada ta tsallake awon ciki ko sau ɗaya. In ta ga fuska da hannaye sun kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani yana dishi-dishi, a kai ta asibiti a ranar, kafin ya zama jijjiga.

Idan kuka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure yana haɗa gumi, kada a tsaya jiƙa magani, kada a jira gari ya waye. A yi masa addu'a a kan hanyar asibiti. Kada kuma a ɗura masa ruwa ko abinci, yana iya shaƙewa.

Wasu sun tambaye ni a gefe ko sakamakon awo zai taɓa rajistarsu ko katin abincinsu. Ba zai taɓa ba. Abin da aka rubuta a katin lafiyarka sirrinka ne, kai da mai duba ka. Wanda ba ya jin Faransanci kuma yana son a yi masa bayanin lambarsa, ya nemi tafinta, mata kuma suna iya neman mace. Masu tsoho ko tsohuwa da ba sa iya tafiya, ku ba shugaban unguwa sunayensu bayan an tashi, don a san yadda za a kai gare su.