Kuɗin Ƙaramar Hukuma Haƙƙin Talakawa Ne

Wannan shi ne jawabin da mai kula da azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibai maza da mata a garin Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru.

Bayan gaisuwa ga iyayen ƙasa da malamai, ya ce kowane wata akan zauna a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya. Bisa tsarin rabon da aka fara aiki da shi a 2004, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari. Jihar Kebbi tana da 21 daga cikinsu. Wajen fitar da rabon kowace, akan duba yawan jama'arta da faɗin ƙasarta. Saboda haka, in ji shi, manomin Bena da mai sayar da shanu a kasuwarta duk an ƙirga da su, kuɗin ba kyautar ciyaman ba ce.

Ya bayyana cewa tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanun ruwa, tare da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya.

Game da muhalli kuwa, ya tuna wa jama'a yadda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutanen ƙauyuka da dama na yankin da gidajensu. Ya ce gina gidaje masu rahusa galibi aikin gwamnatin tarayya ne da ta jiha. Amma dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara. Don haka tana iya yanka filaye, ta kai hanya da rijiyar burtsatse, masu bukata su yi gini.

Ya ce shekara da shekaru kuɗin kan bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha kafin su iso. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe kuɗin. Bayan hukuncin an yi ta kai ruwa rana kan aiwatar da shi, abin da ya sa dole talakawa su sa ido.

Daga nan ya ba ɗalibai shawara guda uku. Na farko, kowace unguwa ta zauna ta zaɓi aiki ɗaya da ya fi damunta. Na biyu, a rubuta shi a takarda da kwanan wata, a miƙa wa kansila kafin a tsara kasafin kuɗi a Ribah, a kuma ajiye kwafe. Na uku, a nemi sanin nawa aka samu, domin hukumar ƙididdiga ta ƙasa takan buga rabon kowace ƙaramar hukuma.

A ƙarshe ya roƙi magidanta su bar matansu su riƙa zuwa aji, tunda su ne suka fi shan wahalar ɗibar ruwa da jinyar yara. Ya ce wanda ya iya karatu da lissafi ba a rufe shi da baki. Aka rufe taro da addu'ar Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Zuru.