Darasi Daga Gidan Zane-zanen Nike: Jawabi ga Malaman Anka, Gummi da Bukkuyum



Zan ba ku labarin wani gidan adana ayyukan fasaha wanda mutum ɗaya ya gina ba tare da jiran gwamnati ba. Mai shi ita ce Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a 1951 a garin Ogidi da ke Jihar Kogi ta yanzu. Karatunta na boko bai yi nisa ba, amma tun tana yarinya ta koyi saƙa da rinin adire a hannun kakanninta. Adire kuwa rinin shuni ne na Yarbawa, ɗan'uwan wanda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano.

Da kuɗin da ta samu daga sana'ar hannunta ta buɗe cibiyar fasaha a Oshogbo a 1983, inda ake koyar da matasa rini, saƙa, sassaƙa da zane kyauta. Daga baya ta buɗe wasu a Ogidi da Abuja. A 2009 ta buɗe babban gidan da ke Lekki a Legas, bene mai hawa biyar, ɗauke da dubban ayyukan masu fasaha na Nijeriya. Ana kai 'yan makaranta su gani da idonsu, kuma da yawa daga cikin matan da suka koyi sana'a a cibiyoyinta da ita suke riƙe gidajensu.

Me ya haɗa wannan da mu? Tun 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, duniya ba ta jin sunanmu sai a labarin zinariya ko na 'yan bindiga. Yaran da ke gabanmu a aji sun taso suna zaton wannan ne kaɗai tarihinsu. Alhali Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara, kuma ƙasar nan ta yi masaƙa, marina, maƙera, dukawa da masu zanen ƙwarya. Yau wasunsu sun tsufa, wasu rashin tsaro ya raba su da garuruwansu. Tsohon da ya rasu a gudun hijira yakan tafi da iliminsa.

Shawarata uku ce, kuma babu wadda ke buƙatar kasafin kuɗi. Na farko, kowace makaranta ta ware kusurwa ɗaya a aji, a ajiye faifai, ƙwarya, tsohuwar hula ko kwashe, a rubuta sunan abin da garin da ya fito. Na biyu, malaman darasin al'adu da fasaha su riƙa gayyato masu sana'a su nuna wa ɗalibai aikin hannu, ko sau ɗaya a zango. Na uku, reshenmu ya shirya baje kolin ayyukan ɗalibai duk shekara, ana karɓa-karɓa tsakanin ƙananan hukumomin uku.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tamu tana nan a hannun dattawanmu, mu je mu karɓa tun suna raye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.