Idan Hoto Ya Ƙi Fita: Wahalolin Ɗan Koyon Rubuta Manhaja



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne irin wahalar da ɗan koyo yakan sha sa'ad da ya fara umartar kwamfuta ta yi zane, ko ta motsa hoto, ko ta amsa wa wanda ya danna maɓalli. Kuskuren mai rubuta manhaja iri biyu ne. Akwai wanda na'ura takan ƙi karɓa, ta tsaya, har ta nuna maka layin da ka yi tuntuɓe. Wannan mai sauƙi ne. Akwai kuma wanda takan karɓa ba musu, ta aikata daidai abin da ka faɗa, alhali kuwa ba shi kake nufi ba. Yawancin matsalolin zane suna cikin kashi na biyu, shi ya sa sukan hana yaro barci.

Bari mu fara da allon kansa. Allon kwamfuta ɗige-ɗige ne jere a sahu. Wanda ake yawan gani yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600, kowane kuwa launinsa haɗin lamba uku ne, ta ja da ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. To, a makaranta an koya mana cewa idan za a zana jadawalin lissafi, daga ƙasa ake fara ƙirga, lamba tana ƙaruwa ana hawa. A yawancin tsarin zane na kwamfuta ba haka ba ne. Ana farawa daga kusurwar sama ta hagu, lamba tana ƙaruwa ana gangarowa, gado ne daga tsohon talabijin wanda haskensa yake shara allo layi layi daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka ɗalibi ya ce wa ƙwallo ta yi tsalle, ya ƙara mata lamba, sai ya ga ta nutse ƙasa. Haka kuma maganar juyi. Mu da digiri muka saba, amma harsunan kwamfuta da yawa da ma'aunin radiyan suke aiki. Ka ce a juya hoto 90 kana nufin kwana sosai, na'ura ta ɗauka radiyan 90 ne, ta kewaya da shi sau 14, ta ajiye maka shi a karkace wajen digiri 117.

Idan kuwa allo ya fito fayau ba kome, abin da ɗan koyo yakan yi shi ne ya dinga sauya wannan, ya taɓa wancan, ko Allah zai sa a dace. Wannan lalube ne cikin duhu, ni kuwa ban san abin da ya fi shi cin lokaci ba. Gara ya tambayi kansa ko na'ura ta ma iso layin da yake zanen, ya sa ta buga masa kalma guda a wurin don ya tabbata. In ta iso, ya sa ta faɗi lambobin wurin da ta ajiye hoton, don sau da yawa hoton yana nan lafiya lau, can bayan gefen allo. In lambobin daidai suke, ya ba shi launi mai ihu, ja wur, ya kafa shi a tsakiya. Sau nawa aka zana baƙi a kan baƙi! Sa'an nan ya tuna kwamfuta kamar mai fenti take, abin da ta shafa daga baya shi ke rufe na farko. Wanda ya zana mutum kana ya zana sararin sama, ya binne mutuminsa da hannunsa. Abu ɗaya ake sauyawa a gwada, a ga abin da ya haifar, kafin a taɓa na biyu.

Yanzu sai motsi, inda nake so in ɗan daɗe. Dattawan da suka kalli majigi a dandali sun san ba abin da ke motsi a jikin farin ƙyallen nan. Hotuna ne tsayayyu, 24 cikin sakan guda, ido ne ke haɗa su. Allon kwamfuta yakan sabunta sau 60 a sakan, watau kowane hoto yana da ƙasa da kashi 17 cikin dubu na sakan a shirya shi. Cikin wannan ɗan taƙi manhaja za ta goge allo, ta lissafa sabon wurin kowane abu, ta sake zanawa. Wanda ya manta gogewa zai ga ƙwallonsa tana jan sawu kamar maciji a rairayi. Wanda kuma yake gogewa yana zanawa a gaban mai kallo, zai ga hoto yana ƙyaftawa. Maganin wannan alluna biyu ne: ana rubutu a ɗaya a ɓoye yayin da ɗayan ke gaban jama'a, in an gama a musanya su.

Amma babban tarko shi ne ɗaure gudun abu da yawan hotuna. Alal misali ka ce mota ta matsa ɗigo 5 a kowane hoto. A allo mai sabuntawa sau 60 za ta ci ɗigo 300 a sakan. Ka ba abokinka mai wayar da ke sabuntawa sau 120, sai motar ta ci 600, ya ce wasanka ba ya wasuwa. Tsoffin wasannin da aka rubuta domin kwamfutar IBM ta 1981 haka suka haukace da aka sami injuna masu sauri, har masu ƙera kwamfuta suka riƙa sa wani maɓalli na rage gudu. A Japan kuwa, Tomohiro Nishikado, mai wasan Space Invaders na 1978, ya lura cewa dodanninsa suna ƙara sauri idan an kashe da yawa, don aikin zane ya ragu wa na'ura. Ya ga abin ya ƙara wa wasan armashi, ya bar shi haka. Ba kowa ke da wannan sa'a ba. Hanyar da ta dace ita ce a faɗi gudu da sakan, a auna lokacin da ya shige tun hoton baya, a ninka. Nan ma a yi hattara, domin a harsuna irin su C da Java, idan ka raba cikakkiyar lamba 1 da 60, amsar da za ka samu 0 ce, motarka kuwa ba za ta ko gusa ba.

'Yan'uwa ma'aikata, abin da ya shafe ku kai tsaye shi ne fuskar manhaja, watau maɓallai da guraben cikewa. Ku ɗauka akawu guda ne a bakin kanta, shi ke karɓar takarda, shi ke amsa gaisuwa, shi ke buga hatimi. Haka manhaja take da ma'aikaci guda mai kula da dannawa da zane. In ka aike shi ɗauko fayil daga intanet, layi ya tsaya cik har ya dawo. Wayar Android takan jira sakan 5, in ba amsa ta ce manhajar ta daskare. Mutum kuwa ba ya jiran sakan 5. Zai sake dannawa, kuma in maɓallin biyan kuɗi ne, mai yiwuwa a cire masa sau biyu. Aiki mai nauyi sai a ba wani ma'aikaci a bayan fage, a kulle maɓallin da zarar an danna, a nuna alamar ana aiki.

Akwai kuma wata damuwa tamu ta masu Hausa. Tsarin haruffa na ASCII, wanda ya fito a Amurka a 1963, gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba su gurbi. Duk da haka ɗalibi yakan rubuta Ƙofar Mata ya ga ɓarna iri biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In ɗan akwati ya gani a madadin harafin, rubutun lafiya yake, salon haruffan da ya zaɓa ne ba shi da ƙugiya, sai ya sauya salo. In kuwa ƙaramin ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™, to an ajiye shi da tsarin UTF-8, inda yake cin gurbi biyu, aka karanta shi da tsohon tsarin Turai ta Yamma. Sauya salo ba zai yi kome ba. Ku gwada gurabenku kuma da suna irin Sa'adatu, don wannan 'yar alamar ta tsakiya ta sha karya manhajar da ba a shirya mata ba.

Kada wani ya ce duk wannan ado ne. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji da aka ƙera a Kanada, Therac-25, ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka mutu. A garin Tyler na jihar Texas, a 1986, mai aikin na'urar ta ƙware da buga madannai. Ta buga harafin da ba shi ba, ta gyara nan da nan, cikin ƙasa da sakan 8. Allo ya nuna gyaran, amma sashen da ke saita na'urar bai ɗauka ba, don yana tsakiyar wani aiki. Saƙon da ya fito kuwa kalmar tangarɗa ce da lamba 54, ba wani bayani, ita kuma ta saba ganin irinsa, sai ta danna a ci gaba. Da injiniyoyin kamfanin suka zo bincike, ba su iya sa kuskuren ya sake faruwa ba. Masanin kimiyyar haske na asibitin ne ya zauna tare da ita, suna maimaita bugun da sauri, har saƙon ya sake fitowa.

Shugaba, nan zan dakata, in akwai tambaya bismillah.