Tagwayen Da Aka Sauya Wa Halitta Kafin Haihuwa



A shekarar 2018 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata waɗanda ya sauya wa ƙwayoyin gado tun kafin a dasa su a mahaifa, wai don kare su daga ƙanjamau. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Duk da haka, akwai masu ganin ta irin wannan hanya za a ƙera ɗan'adam mai ƙarfi da tsawon rai. Abin da ke damunmu shi ne, sauyin na iya bin jini har jikoki da tattaɓa-kunne, alhali babu wanda ya nemi yardarsu. Shi dai ya fito kurkuku tun 2022, yaran kuwa yanzu suke shekarun firamare.