Wa zai rubuta tarihin Zango?



A shekarar 2012 kamfanin Britannica ya sanar da daina buga insakulofidiya a takarda, bayan shekara 244. A Jamus ma, Brockhaus, babban kundin ilimi mai juzu'i 30, ya bi sahu a 2014. Intanet ce ta sha gabansu, musamman Wikipedia da aka fara a 2001. Ta harshen Jamusanci kaɗai ta haura maƙala miliyan biyu, kuma 'yan sa-kai ne suka rubuta.

Kundin takarda masana ke rubutawa, editoci su tace, amma yana da tsada, kuma in an yi kuskure sai an jira bugu na gaba. A Wikipedia kuwa kowa na iya gyara yau-yau, sai dai da sharaɗi: dole ka kawo madogara da aka wallafa. "Kakana ne ya gaya mini" ba ya karɓuwa.

To jama'a, a nan gizo ke saƙar. Labarin fataken goro, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa wasu garuruwa, da yadda aka kafa unguwanninmu na Zango, yawancinsa yana bakin dattawa ne, ko cikin takardun ajami da gara ke ci a akwati. Duk dattijon da muka kai makwanci, da wani babi yake tafiya.

Ku duba Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Tarihin ƙasar Hausa da ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich, har gobe masana na kafa hujja da shi, don an rubuta, an buga.

Maƙwabtanmu Dagomba sun samu tasu Wikipedia ta Dagbani a 2021. Ta Hausa tana nan tuntuni, tana jiran labarin Zango. Matasa, wayar tana hannunku. Ku zauna gaban tsofaffi ku ɗauki muryarsu, ku nemi izini ku ɗauki hoton takardun nan. Ɗalibanmu su yi bincike a kai, a wallafa, sannan ya shiga intanet da hujjarsa.

Allah ya ba mu iko. Sai mako mai zuwa.