Ciwon Jiki Da Ciwon Hankali Tafiyarsu Ɗaya

Wannan jawabi an shirya shi ne domin malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu, maza da mata. Bayan an gama, sai a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. To, amma a ƙauyuka da yawa an raba lafiya gida biyu. In mutum ya yi zazzaɓi ko ya karye, sai a nufi asibiti da shi. In kuwa hankalinsa ne ya taɓu, sai a ce iska ce, ko sammu. Wani a ɗaure shi da mari, wani a sa shi a turu, wani a bar shi yana yawo a kasuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bincike a kan wannan al'amari. Abin da suka gano shi ne, ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce ta jiki, kamar hanta da ƙoda. Abin da ya taɓa jiki yakan kai ga hankali. Abin da ya dami hankali kuma yakan sauka a jiki.

Ciwon jiki yakan juya hankali

A da, gidajen mahaukata na Turai da Amurka cike suke da mutanen da ba a san abin da ya same su ba. A 1913 wani likita mutumin Japan, mai suna Hideyo Noguchi, ya duba ƙwaƙwalwar waɗansu daga cikinsu bayan sun mutu. Sai ya tarar da ƙwayar cutar tunjere a ciki. Ashe ciwon sanyin da suka ɗauka shekaru da yawa baya ne ya hau kansu. Da aka samu allurar fenisilin, wannan irin hauka ya ragu ƙwarai.

Wani misali kuma ya shafi abinci. A kudancin Amurka talakawa sun dogara ga masara, safe da dare. Sai wata cuta ta yaɗu a cikinsu. Fata ta yi baƙi ta tsattsage a inda rana ke duka, ga gudawa, daga baya hankali ya gushe. A 1914 gwamnati ta tura likita Joseph Goldberger ya bincika. Ya lura cewa a gidajen mahaukata majinyata ne ke kamuwa, ma'aikata kuwa lafiyarsu lau. Da cutar mai yaɗuwa ce, ai da ba ta bar ma'aikatan ba. Bambancinsu a abinci yake. Da aka ƙara wa majinyata madara da nama da ƙwai da wake, sai cutar ta kau. Wannan darasi ne ga gidan da ya koma cin tuwon masara zalla. A riƙa haɗawa da wake, da gyaɗa, da nono, da kifi ko nama in an samu.

A nan ƙasar ma akwai cututtukan da ke yin haka. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, mutum yakan yi sambatu, ya kasa gane 'yan'uwansa. Haka zazzaɓin taifot, haka sanƙarau. Saboda haka a riƙe wannan ƙa'ida da kyau: duk wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya, kuma jikinsa da zafi, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana jijjiga, a kai shi asibiti a ranar. Kwana biyu na jira yana iya zama sanadin rasa shi.

Damuwa takan fito a jiki

Akwai ciwon da likitoci ke kira ciwon damuwa. Ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Mai shi yakan yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, aikin gona ya gagare shi. Wani har yakan ji ya gaji da duniya.

A farkon shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a ƙananan asibitoci na ƙasashe 14, har da na Ibadan. An tarar kusan mutum 1 cikin 4 na masu zuwa ganin likita yana da wata matsala ta hankali. Daga cikin masu ciwon damuwa kuwa, 69 cikin 100 ciwon jiki kaɗai suka faɗa wa likita. Wannan ya ce kai ke sara masa, wancan ya ce baya ne, wata ta ce kasala ce da faɗuwar gaba. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon suna jin sa da gaske. Sai dai tushensa yana wani wuri. Irin wannan mutum yakan ƙarar da kuɗinsa wajen mai kemis da masu tallar magani ranar kasuwa, sauƙi bai samu ba. Don haka in an je gaban likita, kada a tsaya ga ciwon kai kawai. A faɗa masa batun barci, da tunani, da abin da ke cin rai.

Damuwa kuma tana ƙara wa mai ciwo nauyi. A 1993 likitoci a birnin Montreal na Kanada suka bi sawun mutum 222 da ciwon zuciya ya kwantar. Cikin wata 6, mutuwa a tsakanin masu ciwon damuwa ta ninka ta sauran fiye da sau 3. Wani bincike da aka buga a 2007 ya haɗa mutane sama da 245,000 a ƙasashe 60. Ya nuna cewa cikin masu ciwon suga, da asma, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon ƙirji na zuciya, mutum 9 zuwa 23 cikin 100 suna fama da ciwon damuwa a kai. Dalili a fili yake. Wanda ransa ya mutu ba ya kula da shan magani, ba ya kiyaye abincin da aka hana shi, ba ya komawa asibiti ranar da aka sa masa.

Mai jego da jaririnta

Mata su saurari wannan sosai, maza kuma su fi su saurare. A ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 takan shiga ciwon damuwa bayan haihuwa. Sai a ga tana kuka ba dalili, ba ta son magana, ba ta ɗokin jaririnta. Binciken da aka yi a Pakistan da kudancin Nijeriya ya nuna cewa jariran irin waɗannan mata sun fi ramewa, kuma sun fi yawan gudawa. Ashe ciwon uwa ya zama na mutum biyu.

Akwai kuma wanda ya fi wannan tsanani. Mace 1 ko 2 cikin 1,000 hankalinta yakan juya gaba ɗaya, galibi cikin mako biyu na farko. Ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi, ta tsorata da jaririn. Kada a jira a yi arba'in. A kai ta asibiti da gaggawa, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Mafi yawansu suna warkewa sarai in an yi magani.

Mai taɓin hankali ma yana da jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani suna riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20. Mafi yawansu ciwon jiki ne ke kashe su: hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, tarin fuka. In sun ce wani wuri na yi musu ciwo, sai a ce haukan ne. Mari kuma yakan yi musu gyambo a ƙafa. Waɗansu magungunan ƙwaƙwalwa su ma sukan sa ƙiba, su ɗaga suga. Wannan ba dalilin daina sha ba ne. Abin yi shi ne a riƙa auna musu jini da suga da nauyi, a kuma faɗa wa likita duk canjin da aka gani.

Aikin dangi da na gari

A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Majinyaci yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Lambo ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 wani bincike da aka yi a Ibadan da Kumasi ya nuna cewa in malamai da masu maganin gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya, majinyata sun fi samun sauƙi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti kuma bai hana addu'a ba.

A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Amma a fara da asibitin da ya fi kusa, su za su ba da takardar zuwa gaba. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa yake. A zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda yake, a kai shi wurin likita.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri. Wassalamu alaikum.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu ne ke nuna a kai mai sambatu asibiti a ranar?
2. Me ya kamata a haɗa da tuwon masara?
3. In mai jego ta daina barci tana jin muryoyi, me mijinta da danginta za su yi?