Dillali Daban, Mai Kimanta Gida Daban: Jawabin Kwamitin Gidaje a Taron Ƙungiya

 

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta kuɗin gida: wa ke da ikon ya ce gidan nan ya kai kaza? Mu nan Agege mun saba, in za a sayar da gida ko a raba gado, sai a kira dillali ya zagaya, ya leƙa ɗakuna, ya yanke farashi da ka. To, jama'a, ba mu raina dillalai ba, da yawansu suna zaune a nan, kuma sun san unguwa ciki da bai. Amma bakin dillali iyakarsa cikin unguwa. Ranar da magana ta kai banki, ko kotu, ko ofishin filaye na Alausa, takardar mai kimantawa mai rajista za a nema.

Wannan sana'a doka ce ta tsare ta. A Amurka kowace jiha ke ba masu kimanta gidaje lasisi, kuma sai a 1989 aka tilasta haka, bayan bankunan ajiya da yawa sun durƙushe, wasunsu saboda bashin da suka bayar a kan gidajen da aka zuga kuɗinsu. Mu a Nijeriya hukuma ɗaya ce ta tarayya, ESVARBON, wadda doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa. Ita ke riƙe da rajistar sunayensu, ita ke ba su hatimi, ita kuma ke ladabtar da wanda ya ci amana, har ta kai ga soke sunansa. Suna kuma da ƙungiyarsu, NIESV, tun 1969. Kafin mutum ya shiga rajista sai ya yi karatun harkar gidaje da filaye a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, ya yi aiki ƙarƙashin na gaba da shi, ya ci jarrabawa. Wanda ya yi aikin ba rajista, laifi ya yi a gaban doka.

Kada a haɗa shi da safiyo. Safiyo awon fili yake yi, ya kafa duwatsun iyaka, ya zana taswira, hukumarsa ma daban. Shi wannan daraja yake faɗi.

Yaya yake gano ta? Yakan bincika nawa aka sayar da gidaje irinsa a kusa kwanan nan. Yakan duba hayar da gidan ke kawowa a shekara. Yakan kuma lissafa abin da za a kashe a gina irinsa yau, sannan ya cire na tsufa da lalacewa. Sai ya duba takardu, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Gidan da ba shi da komai sai rasit ɗin da iyalin masu ƙasa suka ba kakanmu, ba zai yi kuɗi ɗaya da mai takardar mallaka ta gwamna ba, ko da ginin iri ɗaya ne. In ya gama sai ya rubuta rahoto mai kwanan wata da dalilin kimantawar, ya sa hannu da hatimi. Ku lura da kwanan watan nan. Yadda naira da siminti suke, rahoton da aka yi shekara uku da suka wuce ya riga ya tsufa.

Wurin da muka fi so ku buɗe kunne shi ne diyya. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko wani aikin jama'a, sashe na 29 bai ce a biya ka kuɗin filin yadda yake a kasuwa ba. Abin da ake biya shi ne gini da shuka da sauran abin da ka zuba a kai, kuma jami'in gwamnati ke ƙiyastawa, ya cire na tsufa. To, in babu naka masanin da zai auna ya rubuta tun kafin katafila ta iso, da me za ka yi gardama? Manyanmu sun tuna Maroko a watan Yuli na 1990, lokacin Kanar Raji Rasaki: sanarwar kwana 7, sai rusau. Yara kuma sun ga na hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba a 2024. Ginin da ya zama ɓaraguzai ba ya aunuwa.

Sai gado. Allah Ya riga Ya raba, malamai sun san tumuni da sudusi. Amma tumunin nawa? Sau nawa muka ga babban wa ya ce zai sayi rabon sauran, shi ya kawo dillalin, kuma mata da marayu da 'yan'uwan da ke can Arewa ba su san yadda gida yake a Legas ba? Rahoton wanda ba shi da dangi a cikin gidan ya fi kwantar da hankalin kowa.

Mu ma akwai namu. Kada mu je mu ce masa ya ɗaga kuɗin don banki ya ƙara bashi, ko ya rage don haraji ya yi sauƙi. Mai mutunci zai ƙi, don sunansa ne a kan layi. Wanda ya yarda kuwa, ranar da banki ya zo sayar da jinginar, mai gida ne zai kwana a waje.

Kafin ku biya kowa ko kwabo, ku tambayi lambar rajistarsa, ku bincika wurin hukumar, ku yi yarjejeniyar ladansa a rubuce. Wanda bai iya karatun boko ba ya kawo takardunsa ofishin ƙungiya, sakatare zai duba tare da shi. A zo da kwafi, a bar na ainihi a gida.